Amsoshin Tambayoyinku: Daga Makarantun Coci Zuwa Ramukan Yaƙin Turai

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga tarihin Turai, kuma mun zaɓi waɗanda suka shafi abubuwa biyu da a ido babu abin da ya haɗa su, wato makarantun da coci ya kafa da ramukan da sojoji suka zauna a ciki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Gaisuwa da fatan alheri, Malam. Ni ɗalibi ne mai sha'awar tarihi. Na karanta cewa sojojin Turai sun shafe kusan shekara huɗu a cikin ramuka suna kallon juna. Me ya hana wani ɓangare ya taso ya auka wa ɗayan a yi ta ta ƙare, tsoro ne ko ƙarancin basirar janar-janar? Kuma shin ramukan nan irin gwalalon da aka haƙa a Madina ne?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar tsoro ba ta taso ba, domin an yi ta tasowa ana aukawa, kuma ranakun da aka fi asarar rayuka su ne ranakun da aka fita daga ramin. A watan Agustan 1914, kafin a haƙa komai, rundunonin Faransa da Jamus sun gwabza ne a fili irin yadda kakanninsu suka saba, har sojan Faransa yana sanye da jan wando da shuɗiyar riga da ake hango shi da su tun daga nesa. A ranar 22 ga watan kaɗai Faransa ta rasa sojoji kimanin 27,000, adadin da ba ta sake rasa irinsa a yini guda ba har yaƙin ya ƙare. Sojoji sun shiga cikin ƙasa ne saboda tsayuwa a kanta ta zama kisan kai, kuma ba don ramin ba da asarar ta ninka abin da tarihi ya rubuta.

Bayan an tare Jamusawa a kogin Marne na Faransa a watan Satumba, sai suka ja da baya zuwa tuddan da ke hayin kogin Aisne, suka haƙa ramuka suka kafe. Daga nan kowane ɓangare ya yi ta ƙoƙarin zagaye abokin karawarsa ta arewa, wannan ya matsa wancan ya tare, har suka dangana da teku a gaɓar Beljiyam. Kafin shekarar ta ƙare layin ramuka ya miƙe daga Tekun Arewa zuwa iyakar Suwizalan, tafiyar kimanin kilomita 700, babu wani gefe da za a ɓulla ta bayansa. Duk mai son ya ci gaba tilas ya tunkari abokin gaba ido da ido.

A nan ne makaman zamanin suka yi halinsu. Bindiga mai jigida, wadda Hiram Maxim ya ƙera a 1884, tana aman harsashi wajen 500 a minti guda, ta yadda mutum huɗu ko biyar da ke bayanta za su iya tsayar da ɗaruruwa. Waya mai ƙaya, da aka yi wa rajista a Amurka a 1874 domin killace shanu, ita aka jibge a gaban ramuka, kuma amfaninta shi ne ta riƙe mutum a wuri ɗaya na 'yan daƙiƙoƙin da mai bindiga ke bukata. Babbar makashiya kuwa ita ce igwa, domin fiye da rabin waɗanda aka kashe ko aka raunata a wannan fage, ɓaraguzan harsashinta ne suka same su.

Akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, wanda a ganina ya fi waɗannan duka nauyi, shi ne matsalar tafiya da isar da saƙo. Sau da yawa masu kai hari sukan ci sahun farko na ramukan abokan gaba, wani lokaci har da na biyu. To, daga nan fa? A ƙafa suke tafe, ɗauke da kaya masu nauyi, a kan ƙasar da igwarsu ta riga ta farfasa ta zama kwazazzabai da caɓi, inda ko doki ba ya iya jan igwa ya biyo su. Mai kare kansa kuwa yana da lafiyayyen layin dogo a bayansa, cikin kwana ɗaya ko biyu zai sauke sababbin dakaru daga jirgin ƙasa ya toshe ɓarakar. Sannan babu rediyon da soja zai rataya ya shiga daga da ita. Wayar tarho ake ja, da an soma luguden wuta kuma sai ta tsinke, a koma dogaro da ɗan aike mai gudu ko tattabara. Janar ɗin da ke baya yakan yi awoyi bai san ko mutanensa sun yi nisa ko sun ƙare ba, kafin saƙo ya iso masa kuma al'amarin ya riga ya canza.

Gumurzun kogin Somme ya tattara wannan duka. Birtaniya ta yi kwana bakwai tana ruwan igwa, harsashi wajen miliyan ɗaya da rabi, da zaton ba wani mai rai da zai saura a ramukan Jamus. Ashe Jamusawa sun haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, zurfin wasu ya kai mita 10, ga harsasai da dama ba su fashe ba, wayar ma a wurare da yawa tana nan daram. Da wutar ta tsaya da safiyar 1 ga Yulin 1916, sai suka fito da bindigoginsu suka girke. A wannan rana Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga cikinsu matattu ne. Aka ci gaba har watan Nuwamba, asarar ɓangarorin duka ta haura miliyan guda, alhali ƙasar da aka ci ba ta wuce tafiyar kilomita 10 da 'yan kai ba. A shekarar ce kuma Faransa da Jamus suka yi wata goma suna fafatawa a Verdun, inda asarar ta kai kimanin 700,000.

Game da janar-janar, akwai laifin da ba za a wanke su daga gare shi ba, wato nacewa kan hari bayan ta bayyana cewa ba zai kai ko'ina ba, kamar yadda kwamandan sojojin Birtaniya Douglas Haig ya yi a Passchendaele ta Beljiyam a 1917, inda ruwan sama ya mai da fagen tafkin laka har mutane da alfadarai suka riƙa nutsewa. Ba za su ce ba a yi musu hannunka-mai-sanda ba, domin an ga irin wannan a kewayen Petersburg lokacin yaƙin basasar Amurka, an gani a Port Arthur a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, sannan wani attajirin banki ɗan Polan mai suna Jan Bloch ya wallafa dogon nazari a 1898 yana cewa a cikin ramuka za a yi yaƙi na gaba, kuma yunwa da karayar arziki ne za su raba gardama. Amma kiran su wawaye bai yi adalci ba, tun da sun yi ta neman mafita: an gwada iskar gas mai guba a Ypres a watan Afrilun 1915, an gwada tankar yaƙi a Satumban 1916, an kuma koyi sa wutar igwa ta riƙa tafiya sannu a hankali a gaban dakaru tana yi musu garkuwa. Babu ɗaya daga ciki da ya isa shi kaɗai. Sai a 1918 aka iya haɗa igwa da tanka da jirgin sama da dakaru su yi aiki tare, kamar a Amiens ranar 8 ga Agusta, a daidai lokacin da takunkumin teku ya galabaitar da Jamus, sojojin Amurka kuma suna ta kwararowa. Ranar 11 ga Nuwamba aka tsagaita wuta.

Batun gwalalo kuwa, kamar da ke tsakaninsu kaɗan ce. Wanda aka haƙa a Madina a shekara ta 5 bayan hijira bisa shawarar Salmanul Farisi, Allah ya yarda da shi, shinge ne da ke hana doki tsallakewa, mayaƙa suna tsaye a bayansa. Ramin Turai mazauni ne, a cikinsa ake kwana a tashi, kuma asalinsa ya fi kusa da ramukan da injiniyan Faransa Vauban ya tsara a ƙarni na 17 domin a matsa kusa da ganuwar birnin da aka yi wa ƙawanya ba tare da an fito fili ba.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ɗan Adam zai yi shekaru a rami, ga ruwa ga sanyi ga gawarwaki, annoba ba ta share rundunar ba. Wace dabara suka yi?

Amsa: 'Yar'uwa, babu sojan da ya yi shekaru a jere a ramin gaba. Ramukan sahu-sahu ne, akwai na gaba da na tallafi da na ko-ta-kwana, an haɗa su da wasu ramukan da ake bi a kai abinci da harsasai, a kuma fito da masu rauni. A rundunar Birtaniya bataliya kan yi 'yan kwanaki ne a gaba, yawanci ƙasa da mako guda, sannan a mai da ita baya ta huta ta yi wanka. Zurfin ramin yakan ɗara tsayin mutum, kuma ba a haƙa shi miƙe sambal, sai a karkace kamar haƙoran zarto, domin idan harsashin igwa ya faɗo ko abokin gaba ya shigo da bindiga, ɓarnar ta tsaya a lungu ɗaya. Da rana kowa a sunkuye yake saboda maharban da ke fako. Da dare ake gyaran waya da cika buhunan yashi da kwashe ruwa da sintiri a filin da ke tsakanin ɓangarorin biyu, wanda a wasu wurare faɗinsa bai kai mita 50 ba.

Cututtuka kam an sha su. A yankin Flanders ruwa yana kusa da doron ƙasa, da an haƙa kaɗan sai ya ɓuɓɓugo, kuma tsayuwa a cikinsa kwana da kwanaki da takalmi a ɗaure takan sa ƙafa ta kumbura ta mutu, wani lokaci sai an yanke. Horo ne ya yi maganin wannan fiye da asibiti: aka wajabta canza safa da shafa mai a ƙafa, aka ɗora wa hafsa alhakin duba ƙafafun mutanensa. Ƙwarƙwata ta kawo wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wanda ba a tabbatar ita ce ke yaɗa shi ba sai a 1918. Gonakin Faransa da Beljiyam kuma sun sha taki na ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ƙasar ke cike da ƙwayoyin cutar sarƙewar haƙora da masu ruɓar da rauni, sai aka mai da allurar kariya dole ga duk wanda ya ji ciwo. Da wannan, da rigakafin taifot, da ƙarfen ɗori ga wanda ya karye a cinya, da fara ajiye jini domin ƙarin jini a 1917, sai ya zamana a wannan fage makami ya fi cuta kisa, saɓanin yawancin yaƙe-yaƙen da suka gabata.

Ciwon da likitoci suka daɗe ba su gane kansa ba shi ne na ƙwaƙwalwa. Sojoji suka riƙa dawowa ba ko ƙwarzane a jiki, amma suna karkarwa, wasu sun bebance, wasu ba sa iya barci. Hafsoshi da yawa suka ɗauki abin a matsayin ragwanci. Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga da nuna tsoro, ana kuma kyautata zaton wasu daga cikinsu marasa lafiya ne. Sai a 2006 aka yi musu afuwa.

Tambaya: Ni malamin makarantar sakandare ne. Muna gardama da abokan aikina, wasu na cewa ilimin Turawa ɗan coci ne tun daga tushe, wasu na cewa coci maƙiyin ilimi ne, ga abin da ya yi wa masanin taurari Galileo nan shaida. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam, kowane ɓangare a cikinku ya riƙe wani yanki na gaskiyar, amma yankin na farko ya fi girma. Bayan daular Rum ta yamma ta rushe a ƙarni na 5, makarantun birane da ke koya wa 'ya'yan manya balaga da shari'a suka yi ta mutuwa, domin hukumar da ke ɗaukar ɗalibansu aiki ta ɓace. Inda karatu ya samu mafaka shi ne gidajen ruhubanawa, mutanen da suka ƙaurace wa duniya domin ibada. Ƙa'idar da Benedict ya rubuta wa mabiyansa a Italiya a ƙarni na 6 ta ware wa kowannensu lokacin karatu a kullum, kuma tun da karatu sai da littafi, sai kwafar littattafai da hannu a kan fata ta zama sana'ar waɗannan gidaje. Yawancin rubuce-rubucen tsofaffin Rumawa da suka kawo zamaninmu ta wannan hanya suka tsira.

A 789 sarki Sharlaman, mai mulkin babban yanki na yammacin Turai, ya ba da umarni a buɗe makarantu a gidajen ruhubanawa da manyan majami'u, bayan ya ɗauko malami Alcuin daga birnin York na Ingila domin ya shugabanci makarantar fadarsa. Fannoni bakwai ake koyarwa, nahawu da manɗiƙi da balaga a matakin farko, sannan lissafi da handasa da ilimin kiɗa da waƙa da ilimin taurari. Manufar ta addini ce zalla, wato a samu limaman da za su karanta Littafi Mai Tsarki da Latin ba tare da kuskure ba, su rera waƙoƙin ibada, su kuma iya lissafa ranar bikin Ista, wadda ke canzawa kowace shekara bisa tafiyar wata. Ta wannan ƙofar ce lissafi da ilimin taurari suka zauna da gindinsu a manhaja.

Daga makarantun manyan majami'u jami'ar Paris ta tsiro a ƙarshen ƙarni na 12. Ta Bolonya a Italiya, wadda ake lissafa farkonta daga 1088, ta ɗan bambanta, domin ɗalibai masu neman ilimin shari'a ne suka haɗa ƙungiya suna ɗaukar malamai suna biyan su. Cambridge ta samu ne a 1209 daga malaman da suka tsere daga Oxford bayan rikici da mutanen gari. A Paris da Oxford ana ɗaukar ɗalibi tamkar ƙaramin ma'aikacin coci, idan ya yi laifi kotun coci ce ke hukunta shi, kuma doguwar rigar da ake sawa ranar yaye ɗalibai har yau jikanyar tufafin wancan zamani ce.

Sai dai ba duk abin da aka koyar a waɗannan jami'o'i ne coci ya haifa ba. Babban ɓangare na littattafan Aristotle, masanin falsafa ɗan Girka, ya shigo ne ta hanyar fassara, musamman a birnin Toledo na Sifaniya, wanda a da yake cikin Andalus, a ƙarni na 12, inda mutum guda, Gerard na Cremona, ya juya littattafai fiye da 70 daga Larabci zuwa Latin, ciki har da babban littafin likitanci na Ibnu Sina da aka yi ta karantarwa a Turai har ƙarni na 17. Sharhohin Ibnu Rushdi ma ta Andalus suka shigo. Hukumomin coci sun tsorata da wannan baƙon ilimi, har suka haramta koyar da wasu littattafan Aristotle a Paris a 1210, amma kafin ƙarnin ya ƙare Thomas Aquinas, wanda shi ma ɗan coci ne, ya gina tauhidinsa a kansu.

Duk wannan ilimin tsiraru ne. Karatun talaka ya zo ne da rabuwar kan Kiristoci. Bayan Gutenberg ya fito da injin ɗab'i a wajen 1450, malamin coci ɗan Jamus Martin Luther ya yi wa Fafaroma tawaye a 1517, ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, sannan a 1524 ya rubuta wa majalisun garuruwan Jamus cewa su buɗe makarantu ga maza da mata, tun da a aƙidarsa kowane mai bi ya kamata ya karanta nassi da kansa. A Suwidin dokar coci ta 1686 ta wajabta koyon karatu, limami yana bi gida-gida yana jarraba mutane, wanda bai san tushen addininsa ba kuma ba a ɗaura masa aure. A Massachusetts ta Amurka dokar 1647 ta tilasta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, Harvard kuma an kafa ta a 1636 da babbar manufar horar da limamai. Katolika ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyar limamansu ta Jesuit ta buɗe kwaleji a Messina a 1548, ta fitar da tsarin karatu bai ɗaya a 1599, ta kafa ɗaruruwan kwalejoji da ba a biyan kuɗin koyarwa, kuma a cikinsu aka yaye masana falsafa Descartes da Voltaire, wanda ya zamo ɗaya daga cikin manyan masu caccakar cocin. A Ingila makarantar ranar Lahadi da Robert Raikes ya soma a Gloucester a 1780 ita ta koya wa yaran da ke aiki kwana shida a masana'antu baƙi da wasali.

Abokan naka masu kafa hujja da Galileo ba ƙarya suka yi ba. An gurfanar da shi a 1633 saboda cewa duniya ce ke kewaya rana, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642, kuma jerin littattafan da cocin Katolika ya haramta karantawa ya yi aiki daga 1559 har 1966. Oxford da Cambridge ma sai a 1871 aka kammala cire yawancin sharuɗɗan aƙida da ke toshe wa waɗanda ba 'yan cocin Ingila ba hanya. Amma cocin da ya tsare Galileo shi ne ya gyara kalandar da duniya ke aiki da ita yau, a 1582, bisa lissafin masana taurari irin su Clavius ɗan Jesuit. Abin da coci ya yi ta yaƙa shi ne duk ilimin da ya ga zai fita daga hannunsa.

Tambaya: To yanzu fa, ana koyar da addinin Kirista a makarantun gwamnati na ƙasashen Yamma?

Amsa: Kowace ƙasa da tata hanyar. Faransa ce ta fi tsauri, domin dokokin ministan ilimi Jules Ferry na 1881 da 1882 sun mai da firamare kyauta kuma dole, suka fitar da darasin addini daga cikinta, a 1905 kuma aka raba coci da hukuma. Duk da haka lardunan Alsace da Moselle suna koyar da addini a makarantun gwamnati har gobe, saboda lokacin da aka kafa waɗannan dokoki suna hannun Jamus, dokokin ba su hau kansu ba. Sannan tun daga 1959 gwamnatin Faransa ce ke biyan albashin malaman makarantu masu zaman kansu da suka ƙulla yarjejeniya da ita, waɗanda yawancinsu na Katolika ne. A Ingila dokar ilimi ta 1944 ta wajabta darasin addini da addu'ar jam'i a kullum, tare da bai wa iyaye damar janye 'ya'yansu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu suna da alaƙa da wani addini. A yawancin jihohin Jamus addini darasi ne kamar sauran darussa bisa tanadin tsarin mulki, wanda ba ya so sai ya ɗauki darasin ɗa'a. Amurka kuwa, wadda mutanenta suka fi na yawancin ƙasashen Turai zuwa coci, Kotun Ƙolinta ta hana addu'ar hukuma a makarantun gwamnati a 1962, ta ƙara da karatun Baibul na ibada a 1963.

Tambaya: Ni dattijo ne. Mutanen da suka yi fiye da shekara dubu ana koya musu su so maƙwabcinsu, yaya aka yi suka zuba wa juna guba a rami? An kuma ce mini sun taɓa ajiye makamai saboda Kirsimeti, shin gaskiya ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Labarin Kirsimeti gaskiya ne, amma ya kamata a san iyakarsa. A daren 24 ga Disamban 1914, a sassa da dama na layin da ke tsakanin Birtaniya da Jamus, sojojin Jamus suka kunna kyandir a bakin ramukansu suna rera waƙoƙin bikin, na Birtaniya suka amsa da nasu. Da gari ya waye aka fito fili aka gaisa, aka yi musanyar taba da abinci, aka binne gawarwakin da suka daɗe a yashe. Ba shugabanni ne suka shirya abin ba, hasali ma Fafaroma Benedict na 15 ya roƙi gwamnatoci a farkon watan su tsagaita wuta domin bikin, suka yi kunnen uwar shegu. A wasu wurare ba a daina harbi ba, kuma da shekara ta zagayo kwamandoji sun ba da umarni mai tsanani na hana sake faruwar haka.

Amsar babbar tambayar taku tana cikin tarihin makarantar kanta, domin kafin 1914 ta riga ta canza hannu. Masarautar Furusiya, wadda daga baya ta haɗa kan Jamus, ta kafa dokar makarantun karkara a 1763, kuma da ta ci Ostiriya da yaƙi a 1866 aka riƙa cewa malamin makaranta ne ya ci yaƙin. Faransa ta sha kashi a hannunta a 1871, ta rasa Alsace da wani ɓangare na Lorraine, ta ɗauki darasi. A 1882 aka kafa bataliyoyin 'yan makaranta inda yara ke koyon fareti, ga taswira a bangon aji an rine lardunan da aka ƙwace da wani launi dabam domin kada yaro ya manta. Tsarin da coci ya gina, na aji da ƙararrawa da hadda da biyayya ga malami, yana nan yadda yake, illa dai an ɗora ƙasa a kujerar da addini ya tashi. Yaƙin rami kuwa irin wannan soja yake bukata, wanda zai karanta umarni ya duba agogo ya fita a minti ɗin da aka ce. Yawan masu iya rubutu ya kai ana aika wasiƙu wajen miliyan 12 a mako zuwa ga sojojin Birtaniya da ke fagen daga.

A makarantun kwana na 'ya'yan manyan Ingila ma, inda ake ibada kullum, an cakuɗa addini da wasanni da kishin daula har ya zama abu guda. Daga nan ƙananan hafsoshi suka fito, waɗanda aikinsu shi ne su busa usur su fara fita daga rami, shi ya sa mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Makarantar Eton kaɗai ta rasa tsofaffin ɗalibanta fiye da 1,000.

Su kansu majami'u, yawancinsu kowace ta bi ƙasarta. A ƙarfen ɗamarar sojojin Furusiya an rubuta cewa Allah yana tare da su, limaman Ingila da na Faransa kuma suna faɗa wa nasu mutanen haka nan daga kan mumbari. An samu waɗanda suka ƙi, kamar mutum kimanin 16,000 a Birtaniya da suka ce lamirinsu bai yarda su ɗauki makami ba bayan an wajabta aikin soja a 1916, cikinsu da mabiya ɗariƙar Quaker da yawa, wasu kuma suka sha ɗauri. Da Fafaroma ya kira yaƙin kisan banza a takardar sulhunsa ta Agustan 1917, kowane ɓangare ya zarge shi da goyon bayan ɗayan. Abin ya yi wa cocin kansa rauni mai zurfi. A watan Oktoban 1914 manyan masana 93 na Jamus suka sa hannu kan wata takardar kare manufar yaƙin ƙasarsu, cikinsu da shahararren malamin tauhidi Adolf von Harnack. Wani matashin limami ɗan Suwizalan, Karl Barth, ya ga sunayen malamansa a jerin, ya yanke cewa tauhidin da ya kasa tsayawa a irin wannan rana akwai ɓaraka a gindinsa, kuma littafin da ya fitar a 1919 ya juya akalar tauhidin Furotesta, wato Kiristocin da suka ɓalle daga Katolika, na tsawon ƙarnin.

Tambaya: Ramukan suna nan har yanzu, ko an cike su?

Amsa: An cike yawancinsu an koma noma, amma an bar wasu domin masu ziyara, kamar na tudun Vimy da na Beaumont-Hamel a Faransa, waɗanda Kanada ke kula da su. Matsalar da ta rage ita ce harsasan da ba su fashe ba. Har yau garmar manoman Faransa da Beljiyam tana tono su kowace shekara, manomi ya ajiye a bakin gona, jami'an kwance bam su zo su kwashe, kuma wasu daga ciki masu ɗauke da guba ne. Bayan yaƙin gwamnatin Faransa ta killace wasu yankuna da ta ga ba za su zaunu ko nomu ba, ta dasa daji a da yawa daga cikinsu. A kewayen Verdun akwai ƙauyuka shida da ba a sake ginawa ba, cikinsu da Fleury, kuma ko da yake babu mazauni a cikinsu, har yanzu hukumar lardi tana naɗa wa kowannensu magajin gari da ke kula da filin da wuraren tunawa.